Idonta ya yi rawaya bayan aikin maɗaciya: hannun wa za a ba gyaran?

Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Fagge. Wata bakwai da suka wuce aka yi wa iyalina aikin cire maɗaciya saboda tsakuwa, irin aikin nan na kyamara da ba a tsaga ciki, a wani asibitin kuɗi. An ce kwana biyu za a sallame mu, sai da muka yi kwana 19, domin wani ruwa kore-kore ya yi ta zuba ta robar da aka saka mata a gefen ciki. Daga baya ya tsaya, aka cire robar, muka koma gida muna murna. Yanzu wata biyu ke nan idonta ya yi rawaya, fitsarinta kamar shayi ba madara, ga ƙaiƙayi da ba ya barinta barci. Sau uku tana zazzaɓi da rawar ɗari, ana yi mata allurar maleriya da ta taifot a kemis. Mahaifiyarta ta ce shawara ce, ta kawo jiƙo daga Kurmi. Likitan da ya yi aikin ya ce mu dawo ya buɗe ya gyara, zai rage mana kuɗi. Wani likita kuma da ya ga hoton ya ce hanyar ruwan maɗaciya ce ta tsuke, sai babban aiki, a haɗa hanji da hanta. Ni na saka hannu a aikin farko, kuma har yau 'yan'uwanta kallon wanda ya jawo suke yi mini. Ban gaya mata maganar aiki na biyu ba. 'Ya'yanmu huɗu. Don Allah ina zan dosa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba iyalinka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Zan fara da abin da ba zai jira ka gama karanta amsar nan ba, wato zazzaɓin. Idan mutum idonsa ya yi rawaya, hanyar ruwan maɗaciyarsa ta tsuke, sannan ya kama zazzaɓi da rawar ɗari, ba maleriya muke fara kawowa a ranmu ba. Tsoronmu shi ne ruwan da ya kwanta a bayan toshewar ya gurɓace, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a cikinsa suna tsallakawa cikin jini. Tun 1877 wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya haɗa alamominsa uku: zazzaɓi, rawayar ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Allurar taifot ɗin da ake yi mata a kemis ita ma maganin ƙwayoyin cuta ce, shi ya sa zazzaɓin yake lafawa har ku ga kamar an dace. Bai tafi ba, kwanciya ya yi, domin toshewar tana nan. Sau uku Allah Ya tsare. Idan ya dawo, ko da ƙarfe biyun dare ne, ka ɗauke ta sai imajansi na babban asibiti, ka gaya musu da bakinka cewa an cire mata maɗaciya wata bakwai da suka wuce kuma an ce hanyar ta tsuke. In ka ga ta fara sambatu, ko barci ya yi mata nauyi, ko hannuwanta sun yi sanyi, ko fitsari ya ragu, to babu maganar jiran gari ya waye. Ko zazzaɓin bai dawo ba, kada makon nan ya ƙare ba ku ga likitan fiɗa a asibitin koyarwa ba.

Sai maganar Hajiya, surukarka. Ba ta yi kuskuren suna ba. Mu Hausawa duk rawayar ido shawara muke ce mata, alhali abubuwa uku mabambanta ne suke kawo ta. Akwai wadda jini ne yake farfashewa da yawa, kamar yadda ake gani ga masu sikila ko wanda maleriya ta yi wa mugun kamu. Akwai wadda hantar ce kanta ba ta da lafiya, kamar ciwon hanta nau'in B da ya yi mana yawa a ƙasar nan. Akwai kuma wadda hanta ƙalau take, tana ta aikinta, amma hanyar fitar da ruwan ce ta toshe. Duk abin da ka faɗa yana nuni da ta ukun. Ka ce iyalinka ta duba bayan gidanta: idan ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, ruwan ba ya isa hanji ke nan, ya koma jini, shi ne ya rina ido da fitsari, shi ne kuma yake sa ƙaiƙayin. Na sha ganin mata a gadon asibiti da matajin kai a hannu, da shi suke susar ƙwauri cikin dare har sai ya yi layi-layi na jini. Wannan ƙaiƙayin ba na fata ba ne, babu man da zai raba ta da shi.

Tabo ne ya shaƙe bututu, kuma babu saiwa ko sassaƙen da zai kwance tabo. Abin da ya fi damuna ma, duk abin da mutum ya sha hanta ce take tace shi, ita kuwa hantar iyalinka a yanzu a takure take. A ajiye jiƙon. Amma kada ka je ka yi musu da surukarka, uwa ce take neman lafiyar 'yarta da abin da ta sani. Ranar ganin likita ka tafi da ita, ka roƙi likitan ya zana mata abin a takarda. Abin da ta gani da idonta zai fi shiga ranta fiye da maganar suruki.

Bari in kwatanta maka wurin da abin da ka sani. Ranar Layya idan an fito da hantar rago, akwai 'yar jakar nan koriya da take manne a ƙarƙashinta, wadda mai fiɗa yake lallaɓawa ya cire kada ta fashe ta ɓata nama. Ita ce maɗaciya. Ba ita take yin ruwan ɗacin ba, ma'ajiya ce kawai. Hanta ce take yin sa, daga rabin lita zuwa lita guda kowace rana. Yana fitowa ta bututu biyu, na dama da na hagu, su haɗe a ƙofar hanta su zama babban bututu ɗaya, ya gangara ya zuba a farkon ƙaramin hanji, inda yake taimakawa wajen narkar da maiƙo. Maɗaciyar a gefen wannan babban bututu take rataye, da ɗan siririn wuyanta. Shi ya sa ake iya cire ta mutum ya rayu lafiya lau. Babban bututun kuwa ba shi da na biyu, kuma faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba, bai kai kaurin fensir ba.

A aikin cire maɗaciya, wuyanta ake ɗaurewa a yanke. Idan wurin ya kumbura saboda tsakuwa ta daɗe tana tayar da ciwo, ko halittar mutum ta zo daban, wuyan da babban bututun sukan manne har ido ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Wani lokaci ɗan ƙarfen da ake maƙalawa don ɗaure wuyan ne yake cizon gefen bututun. Wani lokaci wutar da ake tsayar da jini da ita ce take ƙona shi, ko ta kashe 'yan ƙananan jijiyoyin jinin da suke bin gefensa biyu suna ciyar da shi. Koren ruwan da kuka yi kwana 19 kuna gani a leda yana nuna cewa akwai inda ya yi yoyo. Yoyon ya tsaya, wurin ya warke, amma da tabo ya warke, shi kuwa tabo yana daɗewa yana tsukewa. Shi ya sa aka yi watanni lafiya kafin ido ya canja.

Tun da aka fara wannan aiki da kyamara, a Jamus a 1985, an san da wannan haɗari. Yana samun wajen mutum 3 zuwa 5 cikin kowane 1000, har a manyan asibitocin Turai da Amurka, har a hannun ƙwararru. Ina gaya maka haka ne saboda maganar saka hannu da take cin ranka. Tsakuwar maɗaciya mai tayar da ciwo aiki ne maganinta, kuma barinta yana da nasa haɗarin. Ka kai matarka asibiti, ka biya, ka saka hannu a kan abin da likita ya ce shi ne daidai. Ba ka yi laifi ba. Ka sauke wannan kayan daga kanka, domin akwai wani a gabanka da yake buƙatar hankalinka gaba ɗaya.

Kai tela ne, ba ka saka almakashi a yadi sai ka ɗauki awo. To nan ma haka ne, kuma a nan ne ake yawan yin gaggawa. Sikanin ɗin da aka saba yi, wanda ake shafa mai a ciki, yana nuna cewa bututun cikin hanta sun kumbura, amma ba ya nuna tsukewar sosai. Hoton da ake buƙata shi ne MRCP, wani nau'i ne na hoton MRI da yake fitar da hanyoyin ruwan maɗaciya kamar rassan bishiya, ba tare da an saka komai a jiki ba. Shi zai nuna a ina tsukewar take, tsawonta nawa, saura nawa ta kai mahaɗar dama da hagu, kuma bututun yana nan a haɗe ko ya rabu biyu. Zai kuma nuna idan wata tsakuwa ce ta maƙale a hanya, wanda in haka ne abin ya zo da sauƙi ƙwarai. Sau da yawa ana ƙarawa da hoton CT don a ga ko jijiyar jinin da take ciyar da ɓangaren dama na hanta ta taɓu, domin a bayan bututun take wucewa kuma sukan ji ciwo tare. Likitoci suna da ma'auni na rarraba irin wannan rauni, na Henri Bismuth da na Steven Strasberg na 1995, kuma gaba ɗayansu magana ɗaya suke yi: gwargwadon kusancin raunin da hanta, gwargwadon wahalar gyaransa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ba kowace tsukewa ce sai an buɗe ciki ba. Idan bututun yana nan a haɗe, tsukewar kuma gajera ce, ana iya bi ta baki. Ana sa mutum barci, a zura doguwar roba mai kyamara ta maƙogwaro, ta wuce tumbi har inda bututun yake zuba a hanji, a zura siririyar waya ta ratsa tsukewar, a hura ɗan balan-balan ya buɗa ta, sannan a bar 'yar roba a ciki ta tokare wurin. Aikin shi ake kira ERCP, 'yar robar kuma sitent. Ba zuwa ɗaya ba ne. Ta roba takan toshe, saboda haka kusan duk wata uku ake canja ta, a ƙara yawansu a jere don wurin ya ƙara buɗewa, har wajen shekara guda kafin a cire duka. Akwai kuma ta ƙarfe mai rufi da ake bari na watanni a cire. Wanda aka saka wa sitent ya rubuta ranar canji a inda zai riƙa gani kullum, domin wadda aka manta da ita a ciki ita kanta takan zama tushen zazzaɓin nan da muke gudu. Aikin yana da nasa haɗari, mafi yawa kumburin pankiriyas, wata gaɓa da take kwance a bayan tumbi, amma ya fi tsaga ciki sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tambaya ƙarara: shin nata zai yiwu ta wannan hanya? In ba zai yiwu ba, me ya hana?

Idan waya ba ta iya wucewa ta ƙasa, ana bi ta sama: a huda fata ta gefen dama da allura, a ratsa hanta, a shiga bututun da ya kumbura, a bar roba tana zubar da ruwan a leda. Mutane ba sa son ganin ledar nan, sukan ga kamar an koma baya. Ba komawa baya ba ne. Cikin kwanaki zazzaɓi yake sauka, ƙaiƙayi ya lafa, ido ya fara washewa, mutum ya fara cin abinci. Sau da yawa ita ce matakin farko kafin babban aiki.

Yanzu ga aikin da likita na biyu ya faɗa maka, wanda jin sunansa ya tayar maka da hankali. A takarda za ka ga an rubuta Roux-en-Y, da sunan César Roux, likitan fiɗa na Lozan a ƙasar Suwizalan, wanda ya fito da wannan salon haɗa hanji tun ƙarshen ƙarni na 19. Ba sabon abu ba ne da za a gwada a kan iyalinka. Kuma ba naman hanta ake ɗinkewa da hanji ba, bututun ne.

Za ka iya tambaya, me zai hana a yanke inda ya tsuke a haɗa baki da baki? Kai ka fi ni sanin amsar. Idan ka yanke tsakiyar yadi ka ja gefe biyu ka haɗa da ƙarfi, ɗinkin yana cikin ja, ba zai daɗe ba. Ga shi kuma bakin da aka yanke jininsa ya ragu. Irin wannan haɗin yakan sake tsukewa. Saboda haka sai a bar guntun ƙasa, a hau sama, a bi tabon a hankali har a samu bututu mai rai, mai laushi, wanda in an yanka shi yake fitar da jini. Sannan a je ga ƙaramin hanji a raba shi, a jawo reshe ɗaya mai tsawon santimita 40 zuwa 60 a kawo shi ƙofar hanta cikin sakewa, babu ja ko kaɗan, a buɗe ƙofa a gefensa, a ɗinke ta da bakin bututun. Ɗaya bakin hanjin, wanda abinci yake biyowa, sai a haɗa shi can ƙasa, abin ya zama kamar harafin Y. Hikimar tsawon reshen ita ce kada abinci ya yi baya ya hau cikin hanta.

Ɗinkin kansa shi ne komai. Bututu da hanji kowanne yana da shimfiɗa ta ciki, kamar shafin riga, kuma dole shafi ya haɗu da shafi daidai, zagaye guda, da zare siriri mai narkewa wanda bai fi gashi kauri da yawa ba. Duk inda aka bar giɓi, tabo ne zai cike shi, kuma an koma gidan jiya. Idan tsukewar ta hau sama har kusa da mahaɗa, akwai dabarar da likitocin Faransa biyu, Jacques Hepp da Claude Couinaud, suka bayyana a 1956: bututun hagu yana da ɗan tsawo a kwance a ƙarƙashin hanta kafin ya nutse cikinta, sai a sauko da shi a tsaga shi a tsaye, a samu baki mai faɗi da za a ɗinka. Wanda bai saba da wurin ba ko gano wannan bututun a cikin tabo ba zai yi da sauƙi ba. Aiki ne na awoyi, a wuri ƙanƙane, kusa da manyan jijiyoyin jini.

Wannan ya kawo ni ga ainihin tambayarka, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kada ka mayar da ita wurin wanda ya yi aikin farko don ya gyara, sai fa idan shi ɗin gyaran bututun maɗaciya ne aikinsa na yau da kullum, kuma yana da masu ERCP da masu huda hanta da ɗakin kulawa ta musamman a kusa da shi. Ban ce mugu ba ne. Mai yiwuwa abin yana damunsa fiye da yadda kake zato, kuma ragin kuɗin da ya yi da zuciya ɗaya ya yi shi. Amma cire maɗaciya daban, gyaran bututu daban. A 1995 wasu likitocin fiɗa biyu a San Faransisko ta Amurka, Lygia Stewart da Lawrence Way, sun bi diddigin masu irin wannan rauni. Gyaran da likitan farko ya yi da kansa kashi 17 cikin 100 ne kawai ya yi nasara. Wanda ƙwararrun wannan fanni suka yi, kashi 94 cikin 100. Ka tuna abin da na ce ka riƙe. Riga idan aka farke ta aka sake ɗinkewa, kowane karo sai an ci wani abu daga yadin. Duk gyaran da ya lalace, na gaba sai an ƙara hawa sama, bututun yana ƙara gajarta, har a kai inda babu abin kamawa sai cikin hanta. Gyara na farko shi ne damarta mafi girma, kuma sau ɗaya ake samunsa. Araha ba ta ado, ɗan'uwa, balle a nan.

Ka nemi takardar da za a tura ku da ita zuwa sashen fiɗa na asibitin koyarwa. A nan Kano akwai na Malam Aminu Kano, ga kuma na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Idan kun zauna gaban babban likita, ka yi masa tambayar da mutanenmu suke jin nauyin yi: irin wannan aikin, sau nawa kuke yin sa a nan? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. In ba su cika yin sa ba, shi da kansa zai gaya maka wanda yake yi, ko a wane gari yake. Idan magana ta kai ga fita waje, Misira ko Indiya kamar yadda mutanenmu suke yi, to likita ya tura ku ga likita da cikakken rahoto, ba dillali ba, kuma kada a hau jirgi da ita da zazzaɓi a jiki ba a zubar da ruwan ba.

Kada kuma ka yi mamaki idan sun ƙi saka ranar aiki nan take. Raunin da aka gano a cikin kwana biyu zuwa uku na farko ana iya gyara shi a lokacin. Wanda ya wuce haka, sai an kashe ƙwayoyin cuta, an zubar da ruwan, kumburi ya sauka, jiki ya murmure. Jira da roba a jiki ƙarƙashin kulawar likita daban yake da zama a gida da toshewa. Na biyun ne yake cinye hanta a hankali, har ta taurare ta daina aiki, abin da ba ya komawa baya. Za su auna bilirubin, wato sinadarin da yake rina ido rawaya, da sauran gwajin hanta, su duba ƙoda, su duba ciwon hanta nau'in B da C, su kuma auna daskarewar jini. Wannan na ƙarshen yana da dalili: sai da ruwan maɗaciya hanji yake iya tsotsar bitamin K, in babu shi kuwa jini ba ya tsayawa da wuri, don haka ake yin allurarsa kafin a taɓa mutum da wuƙa. Ƙaiƙayin ma akwai maganin da yake rage shi kafin a buɗe hanya, ku roƙa a rubuta mata. Ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai gina jiki, a rage maiƙo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka nemi mutum biyu ko uku cikin dangi da za su ba da jini, kuma ka fara da 'yan'uwan nata. Wanda aka ba wani aiki ya yi a kan jinya, bakinsa yakan yi sanyi. Ka nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗi a takarda, da na hoto da na aiki da na gado. Idan ɗayanku yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, ko inshorar lafiya ta tarayya, ka je ka ji abin da suke ɗauka. Asibitocin koyarwa suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ka shiga ka yi bayani, ba abin kunya ba ne. Keken ɗinkinka kuwa shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa, domin bayan aiki akwai watannin da shi zai ciyar da gidan.

Ka koma wurin likitan farko, amma da wata buƙata daban: ya ba ka rahoton aikin da ya yi a rubuce, abin da ya gani, abin da ya ɗaure, abin da ya faru a kwanakin nan 19, da duk hotuna da sakamakon gwaji. Haƙƙinku ne, kuma masu gyara suna matuƙar buƙatarsa. Ka je da lalama. Idan daga baya, bayan ta samu lafiya, kuka ga akwai sakaci ko an ɓoye muku wani abu, akwai hukumar da take kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, tana karɓar ƙorafi. Wannan ba na yanzu ba ne. Yanzu takardar nan ta fi rigima amfani.

Idan aikin ya samu hannun da ya dace, wajen 8 zuwa 9 cikin 10 suna samun lafiya mai ɗorewa, su ci abin da kowa yake ci, su koma harkokinsu. Akan yi kamar mako guda zuwa kwana goma a asibiti, da roba a gefe na 'yan kwanaki. Fitsari yake fara washewa, ido ya biyo baya a hankali, don haka kada ku tsorata in kun koma gida da sauran rawaya. Abin da nake roƙonka shi ne kada ku yar da katin asibiti don ta warke. Haɗin yana iya sake tsukewa, yawanci a 'yan shekarun farko, kuma gwajin jini yana nuna hakan tun kafin ido ya nuna. Duk ranar da ƙaiƙayi ko zazzaɓi mai rawar ɗari ya dawo, ko bayan shekara biyar ne, wurinsu za ku koma, ba kemis ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Ka ce ba ka gaya mata ba. Na san tausayi ne ya hana ka. Amma ɗan'uwa, matar da take kwana tana susa, tana ganin idonta a madubi, tana jin ana ƙus-ƙus a tsakar gida ana yin shiru in ta fito, ta riga ta san akwai magana. Abin da take rayawa a ranta ya fi gaskiyar muni, wataƙila ma ta ɗauka ciwon daji ne kuke ɓoye mata. Ita ce mai jikin, kuma ita ce za ta saka hannu a wannan karon, da saninta da yardarta, kai kana gefenta. Yau da daddare idan yara sun yi barci, ka zauna kusa da ita ka ce mata an gano abin da yake damunta, hanya ce ta tsuke a inda aka yi aiki, ana gyara ta, kuma za ku je wurin waɗanda aikinsu ke nan. Ka bar ta ta yi kuka in za ta yi, ta yi tambayoyinta, waɗanda ba ka da amsarsu ku rubuta a takarda ku tafi da su. Ka haɗa takardar da hotuna da rahoton aikin farko da kwalayen duk maganin da ta sha, har da gorar jiƙon Hajiya, a jaka ɗaya, ka ajiye ta a bakin ƙofa inda hannunka zai kai ko cikin dare ne. In an yi MRCP ɗin ka sake rubuto mini abin da aka gani. Allah Ya tashi kafaɗunta.